Tun Da Na Zama Manaja, In Na Shigo Sai Kowa Ya Yi Shiru

Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wani gidan burodi a Kaduna. Shekara shida ina riƙe da littafin shige da fice, wata takwas da suka wuce Alhaji mai gidan ya ɗora ni manaja. Mu 28 ne har da direbobi da mai gadi. Da tare muke cin abinci a tire ɗaya ana raha, yanzu in na shigo sai kowa ya kama bakinsa. Mutum uku sun ajiye aiki cikin wata huɗu, har da direban da ya fi kowa sanin masu shayin da muke kai wa kaya.

Ba zan ɓoye maka komai ba. Wani dare burodi ya ƙone, wajen buhu biyu na fulawa suka tafi a banza. Raina ya ɓaci, na yi wa Baba mai gashi faɗa a gaban yara, na ce in tsufa ya zo masa ya je gida ya huta. Shekararsa 15 a gidan. Na yanke wa 'yan aikin daren su takwas naira 5,000 kowannensu, na kuma sa dokar duk wanda ya makara a cire masa 500. Ƙanin matata da na kawo ya riƙe sito yakan makara, amma shi karatu yake yi, shi ya sa ba na cire masa. Kafin Babbar Sallah na ce musu za a ƙara albashi, da na je wa Alhaji da maganar ya ce ba yanzu ba, ni kuma ban sake tayar da zancen ba. Akwai yaro ɗaya da yake gaya mini abin da ake faɗa a bayana, ta bakinsa na ji wai na zama Fir'auna. Alhaji kuwa yabona yake yi, don asara ta ragu. Ni a ganina hassada ce, tunda na tsallake waɗanda suka riga ni zuwa. In kori masu zuga sauran ne, ko yaya zan yi?

Wani manaja, daga Kaduna

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanina, kada ka kori kowa. Amsar tambayarka ke nan. Bayanin da zai biyo baya kuwa, wani ɓangarensa ba zai yi maka daɗi ba.

Hassada tana nan, ban musa ba. Duk inda aka ɗaga ƙarami aka bar manya, sai an sami wanda abin ya tsaya wa a rai. Amma hassada ba ta sa magidanci ya ajiye aikin da yake ci da iyali, balle a wannan zamani da kuɗin mota kaɗai ya ishi mutum tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Wanda ya bar albashi a irin wannan hali, abin da ya kore shi ya fi yunwa ciwo. Ka sake karanta wasiƙarka kamar wani ne ya aiko maka. Duk abin da ya kore su yana ciki, da hannunka ka jera.

Ba tsanani ne ya raba ka da mutanenka ba. A Kantin Kwari da kasuwar Singa akwai iyayen gida da yaransu ba su cika ganin haƙoransu ba, amma yaro ya shekara goma sha a shagon har a sallame shi da jari. Dalili, ya san inda maigidansa ya tsaya: abin da ya hana jiya shi zai hana gobe, abin da ya hana bare shi zai hana ɗan cikinsa, in ya ce zai yi to zai yi. Wanda ba a iya zama da shi shi ne shugaban da ba a san gabansa ba. Kai kuwa cikin wata takwas ka koya musu cewa dokarka tana duba fuska kafin ta hau mutum, maganarka tana iya ɓacewa ba bayani, kuma daɗewar mutum a gidan ba ta kare shi daga tozarci.

Mu fara da Baba, don nan ciwon ya fi zurfi. Da ka tsaya a kan burodin da ya ƙone, da da sauƙi. Sai ka bar burodi ka koma kan shekarunsa. A wajenmu furfura ce abin da yake rage wa talaka in komai ya ƙare masa, ita kuma ka zaɓa ka ci masa fuska da ita, a gaban yaran da wasunsu shi ya koya musu tsayuwa a bakin wuta. Kana tsammanin mutum ɗaya ka yi wa magana. Duk yaron da ke wurin, ji ya yi kamar ubansa aka yi wa. Kuma kowanne ya yi lissafi a zuci: in wanda ya ba gidan nan shekara 15 wannan ce ladarsa, ni mai shekara biyu me nake jira? Ba zan yi mamaki ba in tun ranar da labarin ya je kunnen direbanka ya fara cigiyar wani wuri, ko da yake ba ya cikin waɗanda aka yanke wa kuɗi.

Sannan ban ga inda ka tambayi abin da ya ƙona burodin ba. Wanda ya daɗe haka yana gashi ba ya mance aikinsa dare ɗaya. Burodinmu mai sukari ne, shi ya sa tsakanin ya yi ja da ya yi baƙi 'yan mintoci ne. Ma'aunin zafi yakan lalace ya riƙa nuna ƙarya. In da itace kuke gashi, ɗanye da busasshe ba wutarsu ɗaya ba. In an canja fulawa ko an ƙara sukari ba a gaya wa mai gashi ba, lokacin da hannunsa ya saba da shi ya tashi daga aiki. Ko kuma, dare nawa Baba ya yi a jere ba hutu? Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaci hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai, da hutun da bai gaza awa ɗaya ba in aikin ya kai awa shida. Gidajen burodi nawa ne suke cika wannan, musamman da azumi? In gajiya ce ta sa ya gyangyaɗa, to mai tsara wa mutane lokacin aiki yana da kaso a buhu biyun nan, kuma kai ne mai tsarawa. Yana iya yiwuwa sakaci ne tsagwaronsa. Amma ka yanke hukunci ba ka sani ba, su kuma sun ga ba ka sani ba.

Maganar yankan kuɗi kuwa, akwai abin da manajoji da yawa ba su sani ba. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana a ci ma'aikaci tara daga albashinsa. Inda aka sassauta shi ne in ya jawo asara da gangan ko da sakaci, nan ma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce kafin a cire, kuma duk abin da za a yanke wa mutum a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashinsa ba. Ke nan 500 ɗinka ta makara tara ce, 5,000 ɗin nan kuma ba ka bi hanyarta ba. Za ka ce wa yake bin wannan a ƙananan kamfanoni, wa kuma zai je kotun ma'aikata a kan dubu biyar? Gaskiya ne, da wuya. Na kawo maka dokar ne don ka ga abin da ransu ya ƙi ba son zuciya ba ne, ko a takarda ba daidai ba ne. Balle ka haɗa mutum takwas a laifin da, ko an tabbatar, na mutum ɗaya ne. Yaron da aikinsa sa burodi a leda, me ya haɗa shi da wuta?

Ga kuma abin da irin wannan hukunci yake haifarwa, kai da ka riƙe littafi ya kamata ka fi kowa ganewa. Littafi ba ya nuna sai abin da aka gaya masa. Ka koya wa 'yan dare cewa in aka ga ɓarna, kowa zai biya. To gobe in tire ɗaya ya soma ƙuna, ba za a kawo maka ba. Za a kankare, a sa a leda, a cusa a tsakiyar kaya, ya tafi teburin mai shayi. Mai shayi ba zai rubuto maka ƙorafi ba, zai ce wa direban wani gidan burodin ya riƙa tsaya masa. Saboda haka raguwar asarar da Alhaji yake yabo, ka bincika: ɓarnar ce ta ragu, ko faɗarta aka daina? Ka gwada yawan abin da masu shayi da masu kanti suke karɓa yanzu da na wata takwas baya, nan amsar take. A gidan da ake yin abin ci, shirun ma'aikata haɗari ne. Ranar da buhu ya zo da ƙwari, ko wani ya ce a jefa sinadarin bromate da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta haramta, don burodi ya kumbura, kana bukatar yaron da zai iya tsayawa gabanka ya faɗa, ba tare da ya fara lissafin nawa za a cire masa ba.

Sai ƙanin uwargida. Ban ga laifin kawo ɗan'uwa aiki ba, rabin kasuwancinmu a kan 'yan'uwa yake tsaye. Laifin shi ne ka zama mai awo da mudu biyu, ɗaya na bare ɗaya na 'yan gida, kuma ka san mai irin wannan awo ba a komawa rumfarsa. Ka ce karatu yake yi. Madalla. Ka tabbata cikin sauran 26 babu mai zuwa makarantar dare, babu mai jinyar uwa, babu mai tahowa daga Rigasa yana tsaye bakin titi yana jiran abin hawa? Kowa da uzurinsa. Bambancin kawai, na ƙanin matarka a gidanka ake faɗarsa, nasu kuwa ba ka tambaya ba. In karatunsa ya isa a sassauta masa, a canja masa lokacin shigowa a fili, a kuma ce duk mai uzuri irin wannan ya zo a duba nasa. Abin da ya fi makarar damuna ma shi ne sito. Nan fulawa da sukari da bota suke. Mai makulli ƙanin matarka, mai binciken mai makulli kai. Ko ku biyun waliyyai ne, ranar da buhu ɗaya ya yi ɓatan dabo ba wanda zai yarda da lissafinku, har Alhajin da ke yabonka yau. Ko ka mayar da shi wani sashe, ko ka roƙi Alhaji ya sa nasa mutum ya riƙa ƙirga kayan sito duk ƙarshen wata. Ka kuma fara yi wa uwargida bayani da kanka kafin labari ya je mata ta bakin ƙaninta.

Alkawarin ƙarin albashi kuskure biyu ne a haɗe. Ka yi alkawari da aljihun wani, wannan sababbin manajoji suna yawan faɗawa ciki don suna so a ce da zuwansu an ga canji. Wanda ya fi shi muni, da aka hana ka sai ka yi gum. A wajenka magana ta mutu a falon Alhaji. A wajensu tana nan da ranta: wani ya ci bashin mai kanti a kanta, wani ya kai ɗinkin yara. Wata ya ƙare, albashi ya zo yadda yake, manaja ya wuce kamar ba a yi ba. Mutum in ba a ba shi bayani ba shi zai ƙera wa kansa, kuma ba mai daɗi zai ƙera ba: ko ƙarya ka yi musu tun farko, ko Alhaji ya bayar ka danne. Ka tara su ka faɗa ƙarara cewa ka yi alkawarin abin da ba a hannunka yake ba, ka kai, ba a amince ba, za ka sake kaiwa. Ka sa wata, ka ce duk amsar da ka samo daga bakinka za su ji. Kada ka zagi Alhaji a gabansu don ka wanke kanka, za su gane haka kake yi da su in kana gabansa.

In za ka koma wa Alhaji, ka je da lissafi, harshen da ɗan kasuwa yake ji ke nan. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000, daga 30,000 na 2019. Dokar ba ta hau wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka masu aikin kamasho da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi, amma ku 28 ne, sai ka zauna ka duba su wa ta shafa a cikinku. Ka kuma lissafa masa abin da tafiyar direban nan ta ci: masu shayi nawa suka bi shi, bashi nawa ya maƙale don sabon direba bai san wa ake ɗaga wa ƙafa ba. Kuma tunda muna kan Alhaji, da ya yabe ka sunan wa ka ambata? Da burodi ya ƙone me ka ce masa, “mun yi asara” ko “Baba ya yi asara”? Kada ka ɗauka ba sa ji, direban Alhaji yana hira da mai gadinku.

Yaron da yake kawo maka rahoto, ka tsayar da wannan yau, shi kuma ka bar shi a kan aikinsa na asali. Abu Dawud ya ruwaito hadisi cewa shugaba in ya riƙa neman abin zargi a cikin mutane, to zai lalata su. Dubi yadda abin yake tafiya. Yaron ya gane kusancinsa da kai yana kan labarin da yake kawowa. Ranar da babu labari fa? Zai ƙara gishiri a ɗan wanda ya samu, ko ya sako sunan wanda suka yi cacar baki da shi jiya, kai kuma ba ka da hanyar tantancewa don ka riga ka rufe sauran bakunan. Masu zugan nan da kake son kora, wa ya ba ka sunayensu? Shi ne. Za ka raba magidanta da abincinsu a kan maganar yaro ɗaya da ba a taɓa zaunar da shi gaban waɗanda yake ambata ba. Ko sallama ta kama, doka ta tsara notis, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba har wata guda ga wanda ya shekara biyar ko fiye. Ba a tashi da safe a ce wa mutum kada ya dawo don an ji wai ya yi gulma. Kuma kada ka zaci ba su san mai kawo maka zance ba, an san shi tun makon farko. Ka jawo wa ɗan mutane baƙin jini a banza.

Sun ce maka Fir'auna. To sai me? Tun da aka fara aikin albashi ake laƙaba wa manaja suna a bayan idonsa, ba a kanka farau ba. Kai ka aika a ɗebo maka. Ka ce wa yaron, daga yau in ba sata ba ce ko abin da zai cuci mai cin burodi ko ma'aikaci, kada ka kawo mini, in kuwa ita ce, ka shirya maimaitawa a gaban mai ita.

Inda za ka fara shi ne gidan Baba. Kada ka kira shi ofis. Ka zaɓi ranar hutunsa, bayan la'asar, ka tafi kai kaɗai ko da wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ka gaishe shi yadda za ka gaida mahaifinka, ka ce, Baba, maganar da na faɗa maka ranar nan ban kyauta ba, ka yafe mini. Ka tsaya nan, kada ka ƙara da “amma kai ma”. Zai ce ba komai, ya wuce, don haka dattawa suke cewa. Kada ka ɗauka an gama. A gaban yara ka ci masa fuska, a gaban yaran nan za ka gyara. Ba sai da dogon jawabi ba. A farkon aikin dare, kowa na tsaye, ka ce abin da ka faɗa wa Baba kuskure ne, ka ba shi haƙuri, ga shi kana ƙara ba shi. Sannan ka tambaye shi a gabansu me yake ganin ya ƙona burodin. In ya ce ma'aunin zafi ne, a gyara a makon.

Za ka ji kamar girmanka zai zube. Girman da kake tattalin nan ya riga ya tafi, shi ya sa ka rubuto mini.

Kuɗin nan naira 40,000 ne in an haɗa na mutum takwas. A mayar musu. Ka gaya wa Alhaji ka cire ba bisa ƙa'ida ba. In ya ƙi, ni dai da ni ne, zan biya daga albashina ko da kaɗan-kaɗan ne, tunda hukuncin nawa ne ba nasa ba. Tarar makara a soke ta, amma ban ce a soke kama lokaci ba. Nan nake tsoron ka zame, don manajan da ya gane ya yi tsanani yakan koma neman a so shi, kowa ya yi abin da ya ga dama. Masu ƙoƙarin cikinsu su za su fara raina ka, suna ganin malalaci yana cin bulus. Mai shayi tun asuba yake kunna wuta, ba ya jiran kowa. A rubuta ƙa'ida gajera, a karanta wa kowa da Hausa, a manna a bango: lokacin shigowa, wa za a sanar in uzuri ya taso, sai abin da zai biyo baya in an saɓa, gargaɗin baki a keɓe, sannan na takarda, sannan a zauna maganar ko mutum zai ci gaba da aiki. Kafin a manna ka bar su su tofa albarkacin bakinsu. In ƙanin matarka ne ya fara saɓawa, shi za ta fara hawa. Kai kuma ka riƙa riga kowa zuwa.

Tiren abincin da kake kewa, ka haƙura da shi yadda yake a da. Wanda yake sa hannu a takardar albashin mutum ba ya zama abokin raharsa kamar jiya. Za su ɗan ja baya, wannan ba ƙiyayya ba ce, sanin matsayi ne. Ka riƙa zama ka ci da su wani lokaci, ka je suna da dubiya da gaisuwar mutuwa. Amma kada ka auna gyaranka da dariyarsu. Ka auna shi da ranar da wani zai same ka da kansa ya ce, manaja, na yi ɓarna, tun ba ka gano ba. Ba a mako ɗaya za ta zo ba. Za su zuba maka ido su ga abin da za ka yi ranar da wani abu ya sake lalacewa. In ka ji ranka ya soma tafasa, ka fita ka yi alwala, ka bar maganar sai gari ya waye, sannan ka kira mai laifin shi kaɗai.

Direban da ya tafi ka neme shi, ba don ka roƙe shi ya dawo ba, wataƙila ya sami inda ya fi. Ka tambaye shi abin da ya kore shi, ka saurara ba gardama. Wanda ya riga ya fita ba ya tsoron a yanke masa albashi, shi ne a yanzu zai gaya maka abin da sauran suke haɗiyewa.

Mai yiwuwa ka je wa Alhaji da duk wannan ya ce shi haka yake so, a ji tsoro, a yanke kuɗi, ai don haka ya ɗora ka. In haka ta faru, ban haƙurin Baba da toshe ƙofar gulma da daidaita ƙanin matarka duk suna hannunka, ba sa bukatar izininsa, ka yi su. Sauran kuwa ya zama tsakaninka da shi. Ka sake rubuto mini, ka faɗa mini ko akwai takarda tsakaninku, da iyakar abin da ya ce kana da ikon yankewa ba sai ka tambaye shi ba.